Kafin mu ce wa yaranmu za su zama Itoje

Tun da aka naɗa Maro Itoje kyaftin ɗin tawagar zari-ruga (rugby) ta Ingila a farkon 2025, bayan 'yan watanni kuma aka damƙa masa jagorancin Lions, tawagar haɗin gwiwar Birtaniya da Ireland, zuwa Ostireliya, hotonsa ya fara yawo a wayoyin samarinmu, an rubuta a ƙasa: ɗan Najeriya ne. A garin da ƙwallon ƙafa ta cinye kowane gidan kallo, ƙalilan ne suka taɓa zama suka kalli zari-ruga daga busa na farko zuwa na ƙarshe, amma wannan bai hana mu alfahari da namu ba, kuma babu laifi a ciki. Maganar da ke biyo bayan alfaharin ce ta dame ni. Na fara jin ana cewa ai ga sabuwar hanyar arziki ta buɗe: yaranmu ƙarfafa ne, jikokin 'yan dambe da 'yan kokawa, a koya musu dokar wasan kawai su fita waje su kwaso fam da yuro.

Ina son zari-ruga ta yaɗu a Kano. Wasan ma ba baƙo ba ne sosai a nan, kulob ɗin Barewa ya daɗe yana tara yara yana koya musu. Amma duk wanda ya tsaya gaban yaro ɗan shekara goma sha biyar a Fagge ko Gwale ya ce masa wannan sana'a ce da za ta riƙe shi, ya zalunce shi, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa. Rayuwar waɗanda suka yi sana'ar ita ce shaidata.

Sana'ar kanta yarinya ce. Sai a watan Agustan 1995 hukumar wasan ta duniya ta halatta a biya ɗan wasa albashi. Kafin nan, waɗanda ake gani suna wakiltar ƙasashensu malaman makaranta ne, likitoci, 'yan sanda, manoma. Su yi wasa ranar Asabar, Litinin su koma bakin aiki. Yau ma ƙasashen da kuɗi ke zagayawa a wasan ba su da yawa: Faransa, Ingila, Japan, sai 'yan ƙasashen da hukumarsu ke ɗaukar nauyin albashin manyan 'yan wasanta kamar Ireland da New Zealand. A babbar gasar Ingila an ƙayyade abin da kulob zai kashe a albashin 'yan wasansa gaba ɗaya a shekara, fam miliyan 6.4, ban da wasu 'yan rangwame. Mutum arba'in ko fiye ne za su raba wannan. A gasar Firimiya da muke kwana kallo, akwai 'yan wasa da yawa da albashin mutum ɗaya a shekara ya wuce haka. In an juya shi zuwa naira zai yi kama da tsauni, na sani. Amma a can ake cin kuɗin, a can ake biyan haraji da haya, kuma shekarun samunsa ƙididdigaggu ne.

Ko wannan ɗin ba tabbas gare shi ba. A kakar 2022 zuwa 2023 kulob uku na babbar gasar Ingila suka durƙushe saboda bashi: Worcester, Wasps da London Irish. Wasps ba ƙaramin kulob ba ne, ya ɗauki kofin Turai a 2004 da 2007. A watan Oktoban 2022, rana ɗaya aka tara 'yan wasa da ma'aikata 167 aka ce musu aiki ya ƙare. Cikin matasan da abin ya rutsa da su akwai wani mai tsatson Najeriya, Immanuel Feyi-Waboso, haifaffen Cardiff. Shi da ƙafa biyu yake tsaye, domin yana wasa yana karatun likita. Da kulob ya rushe sai ya koma Exeter, ya ci gaba da wasan, ya ci gaba da karatun, a 2024 Ingila ta kira shi. Wanda ba shi da komai sai ƙarfin cinya fa, ina ya nufa a wannan ranar?

Ga kuma abin da wasan ke yi wa jiki, wanda shi ne masu tura hotuna ba sa turawa. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, minti tamanin. Ba a jefa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe, don haka babbar hanyar cin ƙasa ita ce ka rungume ta ka ruga cikin mutanen da ke jiranka su kayar da kai. A turereniyar da ake yi idan an tsayar da wasa, ƙarti takwas ne ke haɗa kafaɗa su sunkuya su tura wasu takwas, kowane ɓangare nauyinsa kan haura kilo 800, kuma duk ƙarfin a wuya da bayan mutum uku na gaba yake sauka. Jarin ɗan wasa jikinsa ne, kuma kowace Asabar yana cin uwar kuɗin. Sam Warburton, wanda ya jagoranci Wales ya kuma jagoranci Lions sau biyu, ya ajiye wasa a 2018 yana da shekara 29, bayan tiyata a wuya da gwiwa. Pat Lambie na Afirka ta Kudu ya bari a 2019 yana da 28, saboda buguwar kai da ta ƙi sakinsa. A shekarun da ɗan kasuwar Kwari ke fara tsayawa da ƙafarsa, su nasu ya ƙare.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Steve Thompson. Yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003 a Sydney, kofi ɗaya tilo da wata ƙasar Turai ta taɓa ɗauka. A ƙarshen 2020, yana da shekara 42, ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa irin wanda aka saba gani ga tsofaffi tukuf, kuma ba ya tuna wasan ƙarshen da ya buga ya ci kofin. Yana kallon bidiyon kamar wani yake kallo. Shi da wasu tsofaffin 'yan wasa suka maka hukumar duniya da ta Ingila da ta Wales a kotu, suna zargin ba a kare su daga yawan buguwar kai ba, kuma masu ƙarar sun kai ɗaruruwa. Wannan fa a ƙasar da kowane kulob ke da likita a bakin fili, da motar asibiti a ajiye, da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a kusa. Jonah Lomu na New Zealand kuwa, wanda ya tattake Ingila da ci huɗu a wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya a 1995 har duniya ta san wasan ta dalilinsa, ciwon ƙoda ne ya ci shi, ba wasan ba. Ya rasu a 2015 yana da shekara 40. Abin lura a nan shi ne bayan rasuwarsa sai da ƙungiyar 'yan wasan ƙasarsa ta buɗe asusun tallafa wa 'ya'yansa biyu, domin bai bar abin kirki ba. Wanda ya fi kowa suna ke nan a zamaninsa.

Za a ce mini ai kowace sana'a da haɗarinta, direban tirela ma yana fita da ransa a hannu. Gaskiya ne. Amma direba ya san hanyar da zai bi ya kai Legas. Ɗan Kano mai son zama ƙwararren ɗan zari-ruga, ta wace hanya zai bi?

A ƙwallon ƙafa akwai tsani, ko da ya karkace. Ahmed Musa ya buga wa Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa a 2010, ya tafi Holand, daga nan Mosko, daga nan Leicester. Yaron da ke buga ƙwallo a filin unguwa yana iya ƙirga matakan, ko da cikin dubu ɗaya ne zai taka su. A zari-ruga ba mu da gasar cikin gida da mutum zai riƙe iyali da albashinta. Tawagar ƙasa, Black Stallions, ba ta taɓa zuwa gasar kofin duniya ba, don haka ba a baje kolin 'yan wasanmu inda masu saye ke kallo. Kulob-kulob na Turai kuwa daga makarantun horonsu suke ɗiba, yaran da suka raina tun suna sha huɗu, sha biyar. Faransa, inda kuɗin ya fi yawa, ta kafa doka tun wajen 2010 da ke tilasta wa kowane kulob yawancin waɗanda zai fito da su su kasance rainon cikin gida. Guraben baƙi da suka rage kuma, ana cike su da waɗanda suka riga suka yi suna a Afirka ta Kudu ko Fiji ko Jojiya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To shi Itoje ta ina ya shiga? A Landan aka haife shi a 1994, iyayensa 'yan Najeriya. A makarantar kwana ya fara wasan, daga baya ya koma Harrow, ɗaya daga cikin makarantu mafi tsada a Ingila, kulob ɗin Saracens ya raine shi, kuma yana tsakiyar tashe ya kammala digirin siyasa a SOAS ta Jami'ar Landan. Waɗanda suka riga shi ma haka. Victor Ubogu da Andrew Harriman a Legas aka haife su, Steve Ojomoh a Binin, Adedayo Adebayo a Ibadan. Duka sun sa rigar Ingila, Harriman ma shi ya jagorance ta ta ci kofin duniya na 'yan bakwai-bakwai, wato nau'in da mutum bakwai ke bugawa a kowane ɓangare, a 1993. Dukkansu a makarantun Ingila suka koyi wasan. Jinin namu ne, ba musu, amma babu ko ɗaya da tsarinmu ya raina. Kuma da Itoje ya tashi yi wa ƙasar iyayensa wani abu, bai buɗe sansanin farautar ƙarti ba. Asusun ɗaukar nauyin karatun yara ya kafa a 2023. Mutumin da muke nuna wa yara a matsayin hujjar barin aji, shi aji ya zaɓar musu.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce Siya Kolisi, kuma ba na raina ta. An haife shi a 1991 a Zwide, unguwar talakawa a gefen Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu, kakarsa ce ta raine shi, ya sha kwana da yunwa. Ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci Springboks, tawagar ƙasar, a 2018, ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019 bayan sun doke Ingila 32 da 12, ya sake ɗagawa a Faransa a 2023 da suka tsallake New Zealand da maki ɗaya, 12 da 11. Ɗan talaka ne kamar namu. Amma a duba inda rayuwarsa ta juya: yana da shekara goma sha biyu aka gan shi a gasar yara, aka ba shi tallafin karatu zuwa makarantar Grey. Abinci sau uku, gado, fili mai ciyawa, koci, Turanci. Daga nan ya shiga tsarin da Afirka ta Kudu ta kwashe shekaru tana ginawa, inda gasar makarantu ta Craven Week ke gudana tun 1964, kuma masu neman 'yan wasa ke zaune a gefe da takarda da biro. Labarin Kolisi ma labarin makaranta ne. Da babu Grey, da ƙarfin nan nasa a unguwa zai ƙare, kamar yadda na dubban irinsa ya ƙare.

Kenya ce ta fi kusa da mu a hali, kuma ta yi abin a yaba. A 2016 ta ci gasar 'yan bakwai-bakwai ta Singafo, ta lallasa Fiji a wasan ƙarshe. Amma 'yan wasanta daga makarantun sakandare da jami'o'i suka fito, da yawansu suna da wani aikin, kuma sun sha rigima da hukumarsu kan albashi da alawus.

Kwanaki wani maƙwabcina, tela ne, ya tare ni bayan sallar la'asar. Ɗansa na biyu ƙato ne tun yana ƙarami, ya fara zuwa atisaye, ya dawo gida yana cewa karatun ya ishe shi.

"Malam, ku da kuke bibiyar waɗannan abubuwa, wai da gaske ana samu a wasan nan? Yaron ya ce wani ya yi musu maganar fita waje."

Na ce, "Alhaji, bar shi ya yi wasansa, zai amfane shi. Amma ranar da wani ya ce a kawo kuɗin biza ko na gwaji, ka riƙe aljihunka. Kuma ka sa masa sharaɗi: ba makaranta, ba fili."

Ya yi dariya ya ce ai uwarsa ta riga ni yanke wannan hukuncin. Maganar dillalan nan ba wasa ba ce. Mun ga abin da suka yi a ƙwallon ƙafa: a sayar da fili ko keken ɗinki, a kai yaro wata ƙasa a ajiye a masauki, dillali ya kashe waya. Sabon wasan da iyaye ba su san kansa ba ya fi sauƙin yin damfara da shi, domin babu wanda zai iya tambayar da ta dace.

Me ya sa duk da haka nake son wasan ya shiga makarantunmu? Abu na farko da ya ja ni shi ne yana da gurbin kowane irin jiki. A ƙwallon unguwa, yaro mai ƙiba ko dai a tura shi raga ko a bar shi yana gadin takalma. A zari-ruga shi ake nema a sahun gaba, kuma in babu shi ba a yin wasan. Dogo siriri shi ake ɗagawa sama ya cafko ƙwallo idan an jefo daga gefe. Gajere mai wayo shi ke raba ta. Mai gudu yana can bakin layi yana jira. Yaron da aka saba yi wa dariya saboda jikinsa ya wayi gari abokansa suna roƙon kada ya yi fashin atisaye. Wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da wannan ke yi wa zuciyar yaro, har a cikin aji. Sai kuma ladabin da wasan ke tilastawa. A al'adarsa kyaftin ne ke magana da alƙalin wasa, cikin girmamawa, kuma duk wanda ya yi gardama sai a ja ƙungiyarsa baya mita goma nan take. Ka ga ƙato mai kilo 120 ya sunkuyar da kai gaban alƙalin da bai kai kafaɗarsa ba. Mu da muka saba ganin ana jifan rafali da robar ruwa har a ci kulob tara ko a kore shi daga gida, muna da abin koyo a nan. Ba na cikin masu cewa wasa zai kawar da daba; yunwa da zaman banza da ƙwaya sun fi ƙarfin ƙwallo. Amma yaron da ya koyi kayar da mutum da ƙa'ida, ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya rage wani abu.

Sai dai ƙasarmu ba ta Harrow ba ce. Filayenmu tsandauri ne, a rani kamar siminti, da tsakuwa da fasassun kwalabe, waɗanda suka tsira daga masu yanka filin makaranta suna gina shaguna ke nan. Kayar da yaro da gudu a kan irin wannan ƙasa neman karaya ne. Don haka a fara da nau'in da ba a kayarwa, wanda taɓa mutum ko fizge ƙyallen da ke ƙugunsa ya wadatar. Ba ya buƙatar komai sai ƙwallo ɗaya da fili, yana koyar da gudu da miƙa ƙwallo da karanta wasa, kuma makarantun 'yan mata ma za su iya yi a tsakaninsu. Cikakken wasa mai karo a bar shi sai manyan ajujuwa, a filin da ake ba ruwa, ƙarƙashin kocin da aka horar. Nau'in 'yan bakwai-bakwai shi ya dace da aljihunmu: minti bakwai kowane rabi, mota ɗaya ta ɗauki ƙungiya, ana gama gasa a yini biyu, kuma tun 2016 yana cikin wasannin Olamfik.

Maganar kai ita ce ba sassauci. A nan muna da wata al'ada da ke ba ni tsoro: mutum ya sha bugu ya faɗi, a yayyafa masa ruwa, ya miƙe yana layi, a yi masa tafi a ce namiji ne. A gidan dambe mun saba ganin haka, kuma kowa ya san tsofaffin 'yan damben da maganarsu ta fara sarƙewa tun ba su tsufa ba. Karaya ana gani, a kai mutum wurin mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta kumbura, ba ta jini. A manyan gasanni yanzu fitar da ɗan wasa ake a duba shi da zarar an yi zargin ya bugu, tun 2022 kuma yawancin waɗanda aka tabbatar sun bugu ba sa dawowa kafin kwana 12. A wasan makarantu da na unguwa a Ingila kwana 21 ne mafi ƙaranci. Wannan dokar ba ta cin ko kwabo. Abin da take buƙata shi ne koci mai iya ce wa gwarzon yaronsa "zauna" ana saura minti biyar a tashi, 'yan kallo suna zaginsa.

Shi ya sa idan na ji jami'an wasanni suna maganar "haɓaka" wani wasa nake ɗan ja da baya, domin na san yadda aka saba: a yi taron buɗewa, a kafa rumfa, a raba riguna masu hoton babban baƙo, a ɗauki hoto, a watse. Kuɗin rumfar da na abincin manyan baƙi zai haƙa rijiyar burtsatse a gefen fili ɗaya, ya tura malaman motsa jiki goma kwas ɗin taimakon gaggawa. Kafin a sake busa usur a wata gasar yara a jihar nan, ina so iyaye su tambayi masu shiryawa a bainar jama'a: wane ne a bakin fili da ya san abin yi idan yaro ya faɗi bai motsa ba, wace mota za ta ɗauke shi, kuma wa zai biya kuɗin asibitin? In amsar ita ce "Allah zai kiyaye" kaɗai, uba ya kama hannun ɗansa su koma gida.